Anti Taifis da Ƙwan da Ya Fashe Kashi Ɗari Uku da Arba'in

Anti Taifis ta shiga kamfanin ƙwai tana 'yar shekara ashirin da huɗu, lokacin da ofishin gaba ɗaya ɗaki guda ne jingine da ɗakin kaji, da wata tsohuwar tafireta da ba ta buga harafin "r" sai an maimaita mata. Direbobi kan dawo daga kai kaya su miƙa mata 'yar takarda mai maiƙo, an rubuta kiret nawa aka loda, kiret nawa suka fashe a hanya. Ita kuma ta buga, ta huda, ta saka a fayil. Daga baya tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, kamfani ya yi bene hawa biyu, manajoji uku suka zo suka wuce, amma sunan Taifis, wato mai buga tafireta, ya zauna daram.

Gajeruwar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, kullum da rigar sanyi a ofis, domin na'urar sanyaya ɗakin an saka ta ne saboda kwamfutoci, ita dai ta samu kanta a kan hanyar iskar. Ba a taɓa tura ta kwas ba. Duk lokacin da kamfani ya sayi sabuwar manhaja, maza huɗu ne ke tafiya otal su kwana uku, su dawo da jaka mai tambari da takardar shaida da ɗan ƙarin tumbi. Bayan sati biyu sai a tarar da manhajar a kan teburin Anti, da saƙon cewa "ki ɗan duba mana." Haka ta koyi komai, da latsa abin da bai kamata ba, da rubuta abin da ya faru a wani littafi mai baƙin bango.

Manaja na huɗu ya zo da son allo. Sati ɗaya da kama aiki ya sa aka rataya wani ƙaton talabijin a ɗakin taro, ya ce daga yau ba za a ƙara kawo masa rahoto a takarda ba, zamani ya wuce nan. Ya ɗauko wani ƙwararre daga waje, wanda kowa ke kira Injiniya, mai takalmi mai tsinin baki da waya biyu da ba sa daina ƙara. Injiniya ya karɓi duk bayanan da Anti ta tara a shekarun nan, ya zuba su a manhajar rahoto, ya yi sati uku yana kaɗa kai gaban kwamfuta. Abin da ya fito kuwa ya yi kyau, gaskiya. Ga launuka, ga zane mai hawa da sauka, ga wata allura mai juyawa irin ta gaban mota.

Ranar buɗe allon aka gayyato Mai Gona. Tsohuwa ce da ta fara wannan harka da kaji goma sha biyu a bayan gidanta, yanzu ba ta zuwa sai da dalili, kuma in ta zo ba ta zama a kujerar da aka tanada mata, sai wadda ta fi kusa da ƙofa. Anti tana can ƙarshen tebur tana rubuta bayanin taro. Injiniya ya gyara murya, ya latsa, wata babbar lamba ta fito a tsakiyar allo a ƙarƙashin rubutun "Ƙwan da ya fashe a watan jiya": kashi ɗari uku da arba'in cikin ɗari.

Manaja ya fara tafi, sai ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannayensa ƙarƙashin tebur.

Mai Gona ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Yaro, in na fahimta, a kowane ƙwai ɗari da kajina suka saka, ɗari uku da arba'in sun fashe?"

"Haka bayanan suka nuna, Mama," in ji Injiniya.

"To sauran ɗari biyu da arba'in ɗin na wa ne? Na maƙwabta muke fasawa?"

Injiniya ya ce ƙaramin saiti ne, ya sunkuya, ya taɓa wani abu, lambar ta faɗo ta koma biyu da ɗigo. Ya yi bayani cewa na'urar ta haɗa lambobin ne, alhali matsakaicinsu ya kamata ta ɗauka, yanzu kuma an gyara. Aka yi tafi na gaske. Anti ta rubuta "an gyara" a bayanin taro, ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta saka alamar tambaya da fensir.

Bayan sati biyu, kamar yadda aka saba, manhajar ta iso teburinta. Abu na farko da ta lura da shi shi ne nauyin fayil ɗin. In ta latsa shi da ƙarfe takwas, sai takwas da kwata yake buɗewa, har ma'aikatan bene suka mayar da wannan lokacin na shan shayi. Da ta leƙa ciki ta ga dalili. Teburin bayanan layi-layi ne, kowace tafiyar direba layi ɗaya. Injiniya ya ƙara masa kolum arba'in na lissafi. Irin wannan kolum, in an loda bayanai, yakan bi kowane layi shi kaɗai, ya yi masa lissafinsa, ya rubuta amsar a gefe, ya ajiye. Ɗaya daga cikinsu ne ke cewa a wannan tafiyar kashi kaza ya fashe, a waccan kashi kaza. Waɗannan amsoshin ne aka tara wuri ɗaya ranar taro suka ba da ɗari uku da arba'in.

A cikin takardun koyon manhajar, da ta buga ta tafi da su gida, ta ci karo da wani abu daban da ake kira meja, ita kuma ta rubuta shi a littafinta da sunan ma'auni. Shi ba a rubuta amsarsa a kowane layi. Umarni ne kawai da ke jira. Sai ka zaɓi abin da kake so, wannan direban ko wancan watan, sannan ya tattaro layukan da abin ya shafa, ya yi lissafin a kan tarin gaba ɗaya, ya ba ka amsa nan take.

Mijinta tela ne, shagonsa na kan hanyarta ta komawa gida, kuma ta saba tsayawa can da yamma ta huta ƙafa. Ranar ta zauna kan bencinsa tana ƙoƙarin yi masa bayani, yana taka keke yana gyaɗa kai.

"Na gane," ya ce, allura a bakinsa. "Na farkon riga ce, an yanka an ɗinka, ta mai ita ce. Na biyun tef ne, duk wanda ya tsaya gabanki shi za ki auna."

"Kusan haka ne, Maigida."

"To madalla. Amma don Allah kar ki je ki auna Manaja. Yara suna makaranta."

Ta yi dariya, ta ce ita ina ruwanta, aikinta buga takarda.

Ba a yi wata guda ba ruwanta ya zo. Manaja ya sanar cewa daga yanzu allo ne zai tantance direbobi. Wanda ya fi kowa kula da kaya za a ba shi takardar yabo da sabuwar mota, wanda ya zo na ƙarshe kuma za a ba shi damar ya je ya huta a gida. Allo ya yi magana. Na ɗaya shi ne Jirgi, ƙanin matar Manaja, wanda ya samu wannan sunan saboda yadda yake shigowa harabar kamfani kaji suna tashi sama. Kashi biyu kacal ya fasa. Na ƙarshe shi ne Baba Sannu, da kashi uku.

Baba Sannu ya shekara goma sha tara yana jan babbar motar kamfani. Mutum ne da in ya ga tudun rage gudu yakan rage har masu babur su wuce suna zaginsa, shi kuma ya ɗaga musu hannu. Anti aka ba wa aikin buga takardar sallamarsa. Tana cikin bugawa ya shigo, ya cire hula, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo asibiti.

"Anti, an ce talabijin ya ce ni ne mai fasa ƙwai."

"Haka aka ce, Baba."

"Shi talabijin ɗin ya taɓa bin hanyar nan ta bayan gada?"

"Bai taɓa ba."

"To." Ya juya hular a hannunsa. "Ni dai ban iya gardama da abin da aka sayo daga waje ba. Ki rubuta min da kyau kawai, yadda in na nuna wa iyali ba za su ce sata na yi ba."

Da ya fita, ta ƙarasa takardar, ta ɗora filas ɗinta a kai, ta buɗe teburin bayanai. Ta tace ta bar layukan Jirgi kaɗai. Tafiya goma ya yi a watan. Tara daga ciki zuwa shagunan unguwa ne, kiret goma-goma a bayan ƙaramar mota, ko ɗaya bai fashe ba. Ta goman ce aka ba shi babbar mota da kiret dubu zuwa kasuwa mai nisa, ya dawo da labarin cewa rami ne ya shigo gabansa, kiret ɗari biyu sun tafi. Kolum ɗin Injiniya ya rubuta sifiri sau tara da ashirin sau ɗaya. Aka raba ashirin gida goma, aka samu biyu. Tafiyar kiret goma da tafiyar kiret dubu an ba su murya ɗaya.

Baba kuwa tafiya goma ya yi, kowace da kiret dubu, kowace ana samun talatin da suka fashe. Uku a kowane layi, uku a matsakaici.

Ta buɗe littafinta mai baƙin bango, ta duba yadda ake rubutawa, ta rubuta ma'aunin farko a rayuwarta. Layi ɗaya ne: a haɗa duk abin da ya fashe, a haɗa duk abin da aka loda, sannan a raba. Ta yi kuskuren saka alamar baka a lissafin sau biyu, manhajar ta ja mata jan layi, a karo na uku ta karɓa. Ta latsa sunan Baba, uku. Ta latsa sunan Jirgi, goma sha takwas da ɗoriya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, lambar tana nan.

Ta fara kiran Injiniya a waya, saboda ladabi.

"Anti, Anti," ya ce, ana jin hayaniyar wani taron a bayansa, "wannan fannin yana da zurfi. Manhajar nan manyan kamfanonin duniya ke amfani da ita, ba ta kuskure."

"Ban ce ta yi kuskure ba, Injiniya. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa."

"Zan turo miki bidiyo," ya ce, ya kashe.

Sai ta ɗauki kwamfutar ta hau sama wurin Manaja. Ya saurare ta yana jujjuya kujera, ya kalli goma sha takwas ɗin kamar ƙuda ya faɗa masa a shayi.

"Lambar Injiniya na san inda take," ya ce. "Tana cikin tebur, ina iya ɗora yatsa a kanta. Taki a wane layi take?"

"Ba ta cikin layi, Yallaɓai. Sai an tambaya ake lissafa ta."

"Wato ba ta da mazauni."

"Ba ta da shi."

"Anti, ni ko mai gadi ba na ɗauka sai da adireshi. Lambar da ba a san inda take kwana ba za ki kawo min?" Ya rage murya, ya leƙa ƙofa. "Kuma ke babba ce, kin san gida. In na koma yau na ce wa Madam ƙaninta ne na ƙarshe, ke za ki ba ni abinci? Ki bar rahoton yadda yake. Ranar Alhamis Mama za ta zo ta miƙa takardar yabo."

Ta ce to, ta sauko. Ba ta goge ma'aunin ba, ba ta kuma saka shi a shafin farko ba. Ta bar shi a wani shafi na baya da ba ta ba shi suna ba. Kwana biyun nan ba ta ci abincin kirki ba, kuma ba ta tsaya a shagon mijinta ba, don ta san fuskarta za ta tona ta.

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika. Jirgi ya sha sabon ɗinki da turaren da ya riga shi shigowa. Baba Sannu yana tsaye a baya, an ce masa ya zo a yi masa bankwana. Kwamfutar Injiniya ta ƙi buɗe fayil ɗin, tana ta juya ɗan da'irarta, dole aka haɗa ta Anti da talabijin, aka ce ta zauna gaba ta riƙa latsawa. Manaja ya yi jawabi mai tsawo a kan zamani da gaskiyar lambobi, ya nuna biyu, ya nuna uku, ya miƙa wa Mai Gona takardar yabon da hannu biyu.

Mai Gona ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ni kashi-kashin nan ya taɓa cizo na a ɗakin nan. A gaya min da kiret. Wannan yaron kiret nawa ya fasa?"

Anti ta latsa. "Ɗari biyu, Mama."

"Tsohon fa?"

"Ɗari uku."

Manaja ya yi wani numfashi da aka ji har baya. "Kin gani, Mama! Ko ta ina aka bi, amsar ɗaya ce."

"Ɗari uku cikin nawa?" in ji Mai Gona.

Manaja ya juyo ya kalli Anti, irin kallon da ake yi wa yaro a gaban baƙi. Ita kuma ta kalli allon kwamfutarta. Ta tuna yara suna makaranta. Ta tuna kuma takardar da ke ƙarƙashin filas, da yadda ta zaɓi kalmominta don kar a ce sata ya yi. Ta latsa shafin da ba shi da suna.

"Baba cikin dubu goma ne, Mama. Jirgi cikin dubu ɗaya da casa'in. In an haɗa duka sannan aka raba, Baba uku ne cikin ɗari, Jirgi goma sha takwas."

Mai Gona ta rufe ido tana motsa leɓe, ta yi nata lissafin da ka, ta buɗe. "Haka ne. Wannan ai shi nake yi tun ina ɗaukar ƙwai a tire. Sai yanzu talabijin ya koya? Wa ya koya masa?"

Kafin Anti ta buɗe baki, Injiniya ya miƙe ya gyara kwat. "Mama, wannan shi ne mataki na biyu na aikinmu. Mun jima muna gwada shi a ɓoye."

Mai Gona ta dube shi daga tsinin takalmi zuwa kai, ta dubi Anti, ta ce a kawo mata jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Baba Sannu, "Gobe akwai lodi, ko ba a gaya maka ba?"

Abin da ya biyo baya sai a kamfanin ƙwai. Takardar yabon an riga an buga ta da sunan Jirgi har da firam, saboda haka aka ba shi abarsa don kar a yi asara. An kuma cire shi daga tuƙi aka yi masa ƙarin girma zuwa Shugaban Sashen Kula da Lafiyar Kaya a Hanya, aka ba shi tebur da hatimi. Daga watan nan fashewar ƙwai ta ragu sosai, Manaja ya rubuta a rahoton shekara cewa wannan sakamakon kafa sabon sashen ne, kuma a wata fuskar bai yi ƙarya ba. Sabuwar motar ta zama ta zirga-zirgar ofis, wato ta kai yaran Manaja makaranta. Baba Sannu ya samu sabbin tayoyi biyu na gaba, ya yi godiya har ya ba kowa kunya.

Anti kuwa takardar tuhuma ta samu, saboda "nuna shafin da ba a amince da shi ba a gaban baƙi." Manaja ya rubuta da hannu ya aiko mata ta buga. Ta buga, ta gyara masa kalmomi uku da bai rubuta daidai ba, ta kai ya saka hannu, ta karɓa ta saka hannu a wurin wanda ake tuhuma, ta buga amsa, ta huda duka biyun ta saka a fayil. Mijinta da ya ji labari ya tsayar da keke ya daɗe yana kallonta, sannan ya aika aka sayo mata lemo mai sanyi.

Mataki na biyu na aikin Injiniya bai taɓa zuwa ba, wayoyinsa biyu kuma suka daina shiga. A hankali Anti ta bi kolum arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta goge talatin da bakwai, ta maye gurbinsu da ma'aunai shida. Ta bar uku da suka cancanta, kamar wanda ke yi wa kowace tafiya lamba, doguwa ce ko gajeruwa, domin wannan halin tafiyar ne ita kanta, ba ya canzawa, kuma da shi ake yin maɓallin tacewa. Fayil ya koma buɗewa cikin ƙiftawar ido. Ma'aikatan bene suka yi sati ba sa amsa gaisuwarta da kyau, don ta kashe musu shayin takwas da kwata.

Yanzu shekararta arba'in da tara, tana nan a teburinta. Kafin kowane taro Manaja kan sauko da kansa, ya jawo kujera kusa da ita, su bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya don ya san abin da allo zai faɗa in Mama ta sa a latsa. Wani lokaci ya yi gumi, wani lokaci ya tambaya ko za a iya canza launin lambar daga ja zuwa kore ba tare da an taɓa ta ba.

A watan jiya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Anti, tunda kin ce abin nan yana duba me aka tambaya kafin ya amsa, ba za a iya yin wanda zai duba wa ke tambayar ba? In ni ne ya faɗi gaskiya, in Mama ce ya ɗan sassauta?"

Ana iya yi. Tana da shi a littafinta, shafi na sittin da biyu, tun bara ta gwada ta ga yana aiki.

"Ban kai wannan darasin ba tukuna, Yallaɓai," ta ce.

"To ki ƙoƙarta. In akwai kwas a kai, ki gaya min, sai mu tura mutum huɗu."